Silib, Baifas ko Zobe: Wace Tiyatar Rage Ƙiba Ce Mutumin Maraɗi Zai Iya Ɗauka?

Yayata ƴar kasuwa ce, shekarunta 44, tsawonta mita 1 da santimita 62, nauyinta kuma kilo 118. Shekara shida ke nan tana shan maganin ciwon sukari, gwiwoyinta sun kai ta ga yin salla a zaune, kuma daga ƙofar babbar kasuwa zuwa rumfarta sai ta tsaya ta huta sau biyu. Ranar da likitanta ya ce mata lokaci ya yi da za ta fara tunanin tiyatar rage ƙiba, ta dawo gida da sunaye uku, silib, baifas da zobe, a rubuce a bayan takardar magani, ta miƙo mini ta ce, "Ƙanena, kai ne ka yi boko, duba mini wanne ne ba zai kashe ni ba." Na yi watanni ina karatu da tambaya a kan waɗannan sunaye uku, kuma abin da na fahimta shi ne amsar da ta dace da mazaunin Faris ko Istambul ba lalle ba ne ta dace da wanda zai dawo ya zauna a unguwannin Maraɗi irin su Zariya ko Mokoyo ko Ali Ɗan Sofo, domin wahalar wannan aiki tana farawa ne bayan an sallami mutum daga asibiti.

Da farko akwai ma'aunin da likitoci ke dubawa, wanda takardun Faransanci ke kira IMC, na Ingilishi kuma BMI. Ana raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita, sannan a sake raba abin da ya fito da tsawon. Na yayata ya ba da 45. Tun daga 1991 ƙa'idar da aka bi ita ce a yi wa wanda ma'auninsa ya kai 40 tiyata, ko wanda ya kai 35 idan yana ɗauke da wata cuta da ƙibar ta jawo, kamar sukari, hawan jini ko ɗaukewar numfashi a cikin barci. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta: daga 35 ko da babu wata cuta, daga 30 kuma idan akwai ciwon sukarin da ya ƙi jin magani. Wanda bai kai nan ba, wannan magana ba tasa ba ce. Kuma kada a haɗa ta da tsotse kitsen teɓa da ake tallatawa a waya, domin wancan gyaran siffa ne kawai, ba ya taɓa sukari ko hawan jini.

A garinmu ƙiba ta daɗe tana zama shaidar jin daɗi, har ana sayar wa mata ƙwayoyin nan da ake kira sha ka fashe, saboda haka mutane da yawa suna ganin shiga ɗakin tiyata don a rame kamar butulce wa ni'ima ne. Wanda ya ga yadda sukari ke cinye ƙafa da ido da ƙoda ba zai faɗi haka ba. A Suwidin an fara wani bincike a 1987, aka bi mutum kusan 2,000 da aka yi wa tiyata da wasu kusan 2,000 masu ƙiba irin tasu da ba a yi wa ba, kuma sakamakon da aka fitar a 2007 ya nuna mutuwa ta ragu da kusan kashi 29 cikin 100 a ɓangaren waɗanda aka yi wa aikin. Sababbin allurai irin su semaglutide suna rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi, amma suna da tsada, suna bukatar firiji, kuma nauyin yakan dawo idan an daina. Ita kuwa macen da ta taɓa shan ƙwayoyin ƙara ƙiba, wajibi ne ta faɗa wa likitan tiyata ba tare da kunya ba, domin wasunsu suna hana rauni warkewa kuma daina su farat ɗaya yana da haɗari.

Ayyukan nan yanzu galibi ba a tsaga ciki ake yin su ba. Ana huda ƙananan ramuka huɗu ko biyar, a shigar da kyamara da dogayen kayan aiki. A asibitocin da suka ƙware, mutuwa sanadin aikin tana tsakanin mutum 1 zuwa 3 cikin 1,000, kusan daidai da aikin cire matsarmama. Wannan adadi na ƙwararrun hannu ne da ke yin aikin kowane mako.

Zan fara da zobe domin in sallame shi da wuri. Wani ɗamara ne na roba da ake naɗawa a saman tumbi, a haɗa shi da ƴar ma'ajiya a ƙarƙashin fata, inda likita ke soka allura ya ƙara ruwan gishiri ko ya rage don matse hanyar abinci ko sassauta ta. Ba a yanke komai, kuma ana iya cire shi, shi ya sa yake da daɗin ji a kunne, kuma shi ne yayata ta fara nunawa da yatsa. Amurka ta amince da shi a 2001, ya yi tashe shekaru kusan goma, sannan likitoci suka yi ta barinsa saboda yana zamewa, yana iya cin bangon tumbi ya kutsa ciki, kuma jama'a da yawa sun koma an cire musu shi. Babban aibinsa a gare mu shi ne ba ya aiki sai da daidaitawa a kai a kai, musamman a shekarar farko, a hannun wanda ya saba da shi. Mutumin da ke tsakaninsa da Yamai akwai fiye da kilomita 600, balle wanda aka saka masa zoben a wata ƙasa, ya ɗauki abin da ba zai iya kula da shi ba. Ban ga dalilin da zai sa ɗan Maraɗi ya zaɓe shi ba.

Gasa ta gaskiya tana tsakanin silib da baifas.

Silib shi ne rage tumbi. Likita yana datse shi a tsaye da wata na'ura mai yanka da ɗinki lokaci guda, ya fitar da kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100, ya bar siririn bututu mai siffar ayaba wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce ƙaramin kofi. Hanji kuwa ba a taɓa shi, abinci yana bin hanyarsa ta asali. Ɓangaren da ake cirewa shi ne inda jiki ke samar da mafi yawan girelin, sinadarin da ke tayar da yunwa, don haka mutum yakan ji sha'awar abinci ta kwanta a watannin farko. Asalinsa rabin wani babban aiki ne, sai likitoci suka lura cewa marasa lafiya da yawa suna ramewa da shi kaɗai, kuma yau shi ne aka fi yi a duniya. Yana ɗaukar lokaci kaɗan a ɗakin tiyata, ba ya barin ramukan da hanji zai iya maƙalewa, kuma duk likitan da ya zura kyamara ta baki daga baya zai ga tumbin gaba ɗaya ya kuma isa farkon hanji. Abin da aka cire kuwa ya tafi ke nan har abada.

Haɗarinsa na kusa shi ne yoyo a dogon layin ɗinkin, galibi a can sama kusa da maƙoshi. Yana samun kusan mutum 1 cikin 100, kuma yakan bayyana ne bayan kwanaki, wani lokaci bayan an sallami mutum. Alamominsa su ne bugun zuciya da ya haura 120 a minti, zazzaɓi, ciwon ciki, da ciwo a kafaɗar hagu. Na tsaya a kan wannan ne saboda a nan duk zazzaɓi sunansa maleriya har sai an tabbatar da akasin haka, kuma wanda ya dawo daga tiyata kwana goma ya fara shan maganin maleriya a gida alhali tumbinsa ne ke yoyo, zai iya rasa ransa a kan abin da ake iya gyarawa. Haɗarinsa na nesa kuwa ƙwannafi ne. Bututun siriri ne, matsin cikinsa yana da yawa, sai ruwan tsamin tumbi ya riƙa hawa maƙoshi, kuma idan ya daɗe yana ƙona wurin yakan sauya fatar cikinsa zuwa yanayin da ke bukatar a riƙa leƙawa da kyamara lokaci zuwa lokaci.

Baifas ya girme shi nesa ba kusa ba. Likita Edward Mason ne ya fara shi a jihar Iowa ta Amurka a wajajen 1966, bayan ya lura cewa waɗanda aka yanke wa tumbi saboda gyambon ciki suna ramewa. A salon da ake yi yanzu, ana keɓe ƴar jaka a saman tumbi wadda ba ta wuce girman ƙwai ba, kusan mililita 30, sai a yanke ƙaramin hanji a jawo shi sama a ɗinke da jakar. Ragowar tumbin yana nan a cikin jiki, yana zubo ruwansa tare da na matsarmama ta tsohuwar hanya, su haɗu da abinci a can ƙasa. Ke nan abinci yana tsallake mafi yawan tumbi da farkon hanji. Wannan tsallakewa ita ce ƙarfinsa, domin isar abinci da sauri zuwa tsakiyar hanji yana tayar da sinadaran da ke ƙosar da mutum su kuma taimaka wa insulin, wato sinadarin da ke sauke sukarin jini, har sukari yakan sauka cikin kwanaki tun kafin nauyi ya ragu. Ita ce kuma rauninsa, domin a farkon hanjin nan ne jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe da kalsiyam.

Idan ana maganar yawan nauyin da ake zubarwa, baifas ne a gaba, amma tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Wani bincike a Amurka da aka wallafa a 2018, wanda ya duba mutum fiye da 65,000, ya samu cewa bayan shekara biyar masu baifas sun rage kusan kashi 25 cikin 100 na nauyinsu, masu silib kusan 19, masu zobe kusan 12. A jikin yayata wannan yana nufin kilo 30, ko 22, ko 14. A cikin binciken dai, manyan matsaloli a wata na farko sun sami kashi 5 cikin 100 na masu baifas, masu silib kuma kashi 2.6. Ga cinikin a fili: ƙarin kilo takwas, a kan haɗarin farko da ya kusan ninkawa. Na lura cewa ko da mafi ƙarfin biyun, yayata za ta tsaya ne a wajen kilo 88, kuma na gaya mata haka tun da wuri don kada ta yi tsammanin komawa jikin ƴanmatanci. Mafi ƙarancin nauyi ana kai shi ne tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu, daga nan mutane da yawa sukan ƙara wasu kilo.

A kan sukari ma baifas ya ɗan fi. A asibitin Cleveland da ke Amurka an raba masu ciwon sukari 150 gida uku, aka bi su shekara biyar, kuma sakamakon 2017 ya nuna waɗanda awon sukarinsu na wata uku ya sauka zuwa 6 ko ƙasa da haka sun kai kashi 29 cikin 100 a baifas, 23 a silib, 5 kacal a masu magani kaɗai. Abin da ya fi nau'in aikin tasiri shi ne daɗewar ciwon. Wanda sukarinsa bai wuce ƴan shekaru ba kuma bai fara allurar insulin ba, yana da kyakkyawan fata da kowanne daga cikin biyun. Wanda ya shekara goma sha biyar yana allura zai ga sauƙi da raguwar magani, amma kada a yi masa alkawarin rabuwa da ciwon.

Inda ayyukan biyu suka rabu ƙwarai shi ne ƙwannafi. A wani gwaji a Suwizalan da aka yi da mutum 217, bayan shekara biyar ƙwannafi ya ƙaru ga kusan kashi 32 cikin 100 na masu silib, a masu baifas kuwa kashi 6 ne, kuma a cikin waɗanda suka shigo da ciwon, kashi 60 sun rabu da shi bayan baifas, 25 bayan silib. Don haka wanda ke kwana da filo uku saboda ruwan tsami, ko wanda kyamara ta nuna maƙoshinsa ya ƙone, silib ba nasa ba ne, kome arharsa kuma kome likitan ya saba da shi. Mutanenmu suna kiran duk wani zafin ƙirji "olsa", alhali gyambon ciki daban, ƙwannafi daban, kuma ba a rarrabe su sai an zura kyamara ta baki, abin da ake kira fibroskopi. A ganina bai kamata kowa ya biya kuɗin tiyata ba kafin ya yi wannan awo. Da shi ne kuma ake gano ƙwayar cutar helikobakta, wadda ta yi yawa a ƙasashenmu, a kashe ta da magani kafin aiki. Wannan ya fi muhimmanci ga mai shirin baifas, domin bayan aikin kyamarar baki ba ta ƙara isa ragowar tumbin.

Yanzu ga abubuwan da ke jan mizani zuwa ɓangaren silib, kuma dukkansu na zaman Maraɗi ne.

Na farko jini. Mata da yawa a nan suna yawo da ƙarancin jini tun kafin wata tiyata, saboda haihuwa kusa da kusa, maleriyar damina, da abincin da gero ya fi yawa a cikinsa. Baifas yana ƙara wannan rami, kuma wani lokaci ƙwayar ƙarfe ba ta isa sai an saka ta jijiya. Bitamin B12 ma yana raguwa a ayyukan biyu, ya fi tsanani a baifas, kuma rashinsa yana kashe jijiyoyin ƙafa a hankali, shi ya sa ake yin allurarsa, galibi duk wata uku. Duk wanda aka yi wa ɗaya daga cikin biyun zai sha bitamin har ƙarshen rayuwarsa ya kuma yi awon jini aƙalla sau ɗaya a shekara, sai dai mai silib da ya yi sakaci wata biyu yakan tsira da sauƙi fiye da mai baifas. Kafin a zaɓa, ya kamata mutum ya shiga farmasi biyu ko uku a gari ya tambayi kuɗin ƙwayoyin da za a rubuta masa, ya ninka da wata goma sha biyu, ya tambayi kansa ko zai iya a shekarar da kasuwa ta yi sanyi.

Akwai bitamin guda da nake roƙon kowane iyali su haddace sunansa, wato B1. Ajiyarsa a jiki ba ta wuce ƴan makonni, kuma wanda ke ta amai bayan tiyata yana iya ƙarar da ita, sai ruɗewa da layi da rikicewar gani su biyo baya, har ƙwaƙwalwa ta lalace. Al'adarmu ita ce a kai mai amai a yi masa ƙarin ruwa, to ruwan da ke da sukari idan aka saka kafin a ba da B1 yana iya tsananta cutar. Wanda ya raka mara lafiya ya faɗa wa ma'aikacin asibiti wannan da bakinsa.

Na biyu maganin ciwo. Diklofenak da ibuprofen ana sayar da su a kan tire a kowace kusurwa, kuma mai ciwon gwiwa irin yayata ta mayar da su kamar goro. Bayan baifas waɗannan ƙwayoyi suna haddasa gyambo a daidai inda aka ɗinke jaka da hanji, gyambon da ke iya zubar da jini ko ya huje. Taba sigari ma haka take yi. Mai baifas zai rabu da su baki ɗaya ya koma parasetamol, mai silib kuma yana da ɗan sarari idan likita ya yarda. Wanda ya san ba zai iya rabuwa da su ba, ko yake shan su saboda wata cutar gaɓoɓi mai ɗorewa, ya auna wannan da kyau.

Na uku shi ne wanda ya fi tsorata ni, wato maƙalewar hanji. Sauya hanyar da baifas ke yi yana barin ƴan ramuka a cikin kitsen da ke riƙe hanji, kuma ko da likita ya ɗinke su, bayan an rame suna iya buɗewa, hanji ya zura ya murɗe. Wannan yana iya faruwa bayan shekara ɗaya ko biyar, yana zuwa da ciwon ciki mai tsanani, kuma yana bukatar hoton sikana da likitan tiyatar da ya san yadda aka sauya cikin, a cikin sa'o'i. Duk mai baifas da ke zaune a nan ya kamata ya san tun yau ƙofar da zai ƙwanƙwasa da ƙarfe biyun dare, ya kuma ajiye rahoton aikinsa a rubuce da Faransanci inda iyalinsa za su same shi. Silib ba shi da wannan matsala.

Akwai kuma abin da zaƙi ke yi wa mai baifas. Kofin shayi mai sukari, lemun kwalba, ko fura da aka zuba wa sukari suna faɗawa hanji kai tsaye, sai gumi, bugun zuciya, jiri da zawo su taso cikin rabin sa'a, wani lokaci kuma sukarin jini ya faɗi bayan sa'a biyu. Wasu likitoci suna ganin wannan horo ne mai amfani ga mai son zaƙi. Ga wanda zaman majalisar shayi ya zame masa jiki, abu ne da ya kamata ya sani kafin ya sa hannu.

Macen da ba ta gama haihuwa ba tana da nata lissafin. Ramewa yakan dawo da haihuwar da ƙiba ta toshe, wani lokaci da sauri fiye da yadda ake tsammani, kuma likitoci suna so a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 don kada jariri ya girma a jikin da ke cikin zubar da nauyi. Bayan baifas ƙwayar tazarar haihuwa ta baki ba abin dogaro ba ce, an fi son ashanar hannu ko robar mahaifa. Ciki yana kuma ƙara haɗarin maƙalewar hanji da ƙarancin jini. Wannan magana ce da dole a yi ta da maigida kafin tafiya, kuma ga matashiyar da ke fatan haihuwa biyu ko uku nan gaba kuma ba ta da ƙwannafi, ni silib nake gani ya fi kwanciyar hankali.

Abin da ya shafi ayyukan biyu daidai shi ne ruwa da abinci. Sabon tumbi ba ya karɓar kwankwaɗa, sai kurɓi kurɓi, kuma ana bukatar aƙalla lita ɗaya da rabi a yini. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, wannan aiki ne na yini guda cur, don haka wanda ke da zaɓi ya sa ranar aikinsa a farkon sanyi. Azumin shekarar farko kuwa likitoci da yawa suna ba da shawarar a jinkirta shi, kuma addini ya yi wa mara lafiya rangwame, sai mutum ya haɗa maganar likitansa da ta malaminsa. A kwano kuma tsari yana juyewa: ana fara cin mai gina jiki, aƙalla giram 60 na furotin a yini, daga ƙwai, kifi, kaza, wake, awara da nono marar sukari, sannan in akwai sauran wuri a taɓa tuwo. Loma uku ta tuwo tana cika tumbin ta hana komai shiga. A gidan da ake ci a tire ɗaya, da bikin da uwar gida ke cewa "ci mana, ko ba ki ji daɗinsa ba ne", wanda danginsa ba su fahimci abin da aka yi masa ba zai sha wahala.

Za a iya ambata wa mutum wasu ayyuka biyu. Ƙaramin baifas, wanda aka fara a 1997, ɗinki ɗaya ne a maimakon biyu, yana rage nauyi sosai, amma yana iya tura ruwan matsarmama sama kuma ya fi jawo ƙarancin abinci mai gina jiki. Ɗayan kuma, wanda ya samo asali daga aikin likita Scopinaro na Italiya a 1979, yana tsallake mafi yawan hanji, ya fi kowanne ƙarfi a kan nauyi da sukari, kuma ana ajiye shi ne ga masu ma'auni sama da 50. Yana zuwa da zawo da bukatar awo da ƙwayoyi masu yawa, kuma ba zan ba wanda ke nesa da likitansa shawararsa ba.

Nisan nan shi ne ginshiƙin maganar. Ana yin wannan tiyata da yawa a Tunisiya, Masar, Turkiyya da Indiya, kuma farashin da ake turo wa mutum a WhatsApp galibi na aikin ne da ƴan kwanakin otal, babu ruwansa da abin da zai biyo baya. Ba mu manta ba cewa bayan Yulin 2023 iyakarmu da Najeriya ta yi fiye da wata bakwai a rufe, kuma duk wanda ya dogara da likita a Katsina ko Kano ya ga yadda tafiyar sa'o'i kaɗan ta zama abin fargaba. Kafin a biya ko dala, a tambayi likitan aiki nawa irin wannan yake yi a shekara, wa zai ɗauki kuɗin idan aka sami yoyo, kuma ko asibitin yana da ɗakin kulawa ta musamman. A zauna kusa da shi aƙalla mako biyu, domin doguwar tafiyar jirgi da mota bayan tiyata tana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa. Kuma tun kafin a tashi a sami likita a nan gida wanda ya yarda zai riƙa duba awon jinin. Likitan da ya yanke wa mutum irin aikin da za a yi masa ta waya, bai ga fibroskopi ba, bai tambayi maganin da yake sha ba, ni ba zan miƙa masa ɗan'uwana ba.

Da an tambaye ni a dunƙule, zan ce ga mafi yawan mutanen Maraɗi da ba su da ƙwannafi, silib ya fi dacewa, domin kurakuransa sun fi yafuwa, kuma idan ya gaza ko ƙwannafi ya tsananta ana iya mayar da shi baifas daga baya. Baifas na wanda ƙwannafi ya riga ya kama ne, ko wanda sukari ya fi damunsa fiye da nauyi, muddin yana da halin bitamin, ya bar ƙwayoyin tire, kuma ya san inda zai nufa idan ciki ya murɗa.

Yayata ta yi fibroskopi. An ga ƙonuwa a ƙasan maƙoshinta, an kuma sami helikobakta, awon jini ya nuna ƙarfenta ya yi ƙasa. Wannan ya fitar da silib daga lissafi duk da cewa shi na so mata. Ta sha maganin ƙwayar cutar mako biyu, ta fara ƙwayar ƙarfe, ta bar diklofenak wata uku ke nan don ta gwada ko gwiwoyinta za su jure da parasetamol kaɗai. Ta gama haihuwa, babbar ƴarta za ta riƙe rumfa, kuma likitan da ke duba sukarinta ya yarda zai ci gaba da bin awonta. An sa za a sake auna jininta a ƙarshen damina, idan ya hau kuma za a yi baifas ɗin a watan Nuwamba.